Takardar Tokuji Ba Ta Yagewa

A kwarinmu, idan mutum ya yabi ƙarfin wani abu, igiya ce ko haƙorin tsohuwa, sai a tambaye shi, "Ya kai takardar Tokuji?" Ni ne Tokujin. Maganar kuma ni na ƙirƙiro ta. Na yi ta jefa ta a gidajen biki da wurin wankan ruwan zafi har ta kama bakin mutane. Yanzu in an faɗe ta a gabana sai in sunkuyar da kai in ce, "Haba, ku daina mana," kamar mai jin kunya.

Amma babu ƙarya a ciki. Shekara hamsin da ɗoriya ina tsaye gaban bahon katako ina ɗibar takarda da hannu. Da sanyi ya shigo mukan sare rassan kozo, itacen da ake yin takarda da ɓawonsa, mu turara su, mu saɓule ɓawon, mu dafa shi da ruwan toka. Matata Fusae ta durƙusa a bakin rafi ta tsince duk wani baƙin ɗigo da yatsunta, ni kuma in daka shi har ya zama zare-zare. Sai a zuba a baho da ruwan sanyi da yauƙin saiwa, in tsoma asabarin gora in ɗebo, in girgiza. A girgizar nan bambancin yake. Kowa yana kai asabarinsa gaba ya dawo da shi baya. Ni ina yin haka, sannan in kaɗa shi hagu da dama da ƙarfin kafaɗa, zaren ya hau kan juna ya sarƙe ta kowace fuska. Masu yin lema da fitila na takarda sun san ni. Baƙo in ya zo gidana, kafin a kawo masa shayi nakan miƙa masa falle ɗaya in ce ya yaga. Babu abin da ke faranta mini rai kamar kallon ƙato yana kokawa da takarda har jijiyar wuyansa ta tashi.

Da can duk gidan da ka wuce a kwarin za ka ji ruwa yana motsi a baho. Yanzu ni kaɗai na rage. 'Yarmu Yuriko likitar haƙori ce a birni. Ranar da na yi mata zancen gado cewa ta yi, "Baba, ni da ruwan ɗumi nake wanke hannuna, kuma haka nake so in tsufa." Kafaɗata ta dama kuwa ta daɗe da yin murabus, ni ne na ƙi sallamarta. Duk mako nakan sauka asibitin gindin dutse a danna mini allura, in dawo in yi aiki kamar saurayi, in ce wa mutane hawan jini na je dubawa. Kowa ya san gaskiya, har karen maƙwabta. A farkon sanyin bara Fusae ta ce, "Baban Yuriko, wannan ne na ƙarshe. In ka ƙara wani, kai za ka durƙusa ka tsinci ɗigonka." Na yi gunaguni, amma na san ta fi ni gaskiya.

To, a ɗakin ibadarmu na kan tudu akwai wani littafin addu'a. Ba irin mai ɗinki a gefe ba ne, doguwar takarda ce da aka ninke ta ninki-ninki. Matan kwarin ne suka kwafe shi da hannu a wata shekarar annoba, tun kafin kakan kakana, a kan takardar da mazajensu suka ɗiba a wannan rafin namu. Duk shekara idan ƙanƙara ta narke, malamin ɗakin ibada yakan ɗaga littafin sama da hannu ɗaya, ya sake shi ya kwararo zuwa ɗaya hannun, ninki na bin ninki, iskarsa ta bugi kawunan mutane. Wannan iskar muke hawa tudu mu karɓa, don ta kore mana cuta. Ba zan rantse tana korewa ba, amma ban taɓa fashin zuwa ba.

Shekara biyu aka yi ba a kwarara littafin ba. Ninkin duk ya cinye, asu ya yi tasa ɓarnar, malamin ya ce in ya ƙara ɗaga shi gutsattsari zai zubo mana a ka. Sai mutanen gari suka nemo mai gyaran tsofaffin littattafai daga birni, Malama Nonomura. Aka ce za ta liƙa sabuwar takarda siririya a bayan kowane ninki. Ina jin haka na ce a raina, shi ke nan, ga inda aikina na ƙarshe zai shiga. Lema takan tsufa a jefar, fitila takan ƙone, amma littafin nan za a yi ta ɗaga shi bayan an manta inda kabarina yake. Ina son wannan abin sosai, fiye da yadda ya kamata tsoho ya so abu.

Ranar da za ta zo duba takarda na sa rigar da nake zuwa ɗaurin aure da ita. Mace ce 'yar siririya mai tabarau, ba ta wuce sa'ar Yuriko ba. Ta rusuna, na rusuna, Fusae ta shiga ɗora shayi. Ko gama zama ba ta yi ba na miƙa mata falle.

"Yaga, Malama."

"In yaga, Baba?"

"Yaga mana. In kin iya, gidan nan naki ne, har da tsohuwar da ke ciki."

Fusae ta ɗaga murya daga madafa. "Ki ɗauki gidan da tsohon, 'yata. Ni ina da wurin zuwa."

Malama Nonomura ta ja ta tsaye, ta ja ta kwance, ta murɗe ta, ta jiƙa gefe da ruwa ta sake ja. Takarda ko gezau. Ta ɗaga ta saitin taga ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce, "Ban taɓa riƙe takarda mai ƙarfin wannan ba."

Na ce, "Haba dai, Malama," ƙirjina kuwa ya kumbura har rigar bikin ta matse ni.

Ta ce, "Shi ya sa ba zan iya amfani da ita ba."

Na ɗauka kunnena ne ya fara bin sawun kafaɗa. Na ce ta maimaita, ta maimaita.

"Baba, takardar littafin ta tsufa, ta yi laushi. In na liƙa mata wannan a baya, ranar da aka fizgi littafin, wa zai sallama? Taka ba za ta sallama ba. Tsohuwar ce za ta yage a gefen facin, ta tafi da rubutu. Ni faci nake nema wanda ya fi littafin rauni. Ya riƙe shi kullum, amma in abu ya ɓaci, shi zai fara tafiya."

"Wato takardar banza kike nema."

"A'a, Baba. Mai kyau nake nema, mai tsabta, siririya. Sai dai zarenta duk ya kwanta fuska ɗaya, don in an matsa mata ta rabu a kan ninki."

"'Yata, shekara hamsin na yi ina hana takarda yagewa."

"Na gani, Baba. Ka yi nasara."

Fusae ta shigo da shayi, na ga leɓenta yana rawa, ta ajiye faranti ta koma da sauri. Ina jiyo ta a madafa tana tari irin wanda ba tari ba ne.

Malama Nonomura ta kurɓi shayi, ta yaba shi, sannan ta ce kada in damu, ta san wani gida a wata jiha da ke yin irin takardar da take so, za ta iya aika musu. Ba da mugunta ta faɗa ba, don ta sauƙaƙa mini ne. Ni kuwa ji na yi kamar an watsa mini ruwan rafi a baya. Takardar wani gari a bayan rubutun matan kwarinmu, ni ina raye, bahona cike da ruwa! Na ce ta ba ni lokaci. Ta ce tana da aikin sharewa da cike ramukan asu a gabanta, za ta jira ni har ƙarshen sanyi. Ko ba ta sa iyaka ba akwai ta, don da gari ya ɗumama yauƙin saiwa yakan tsinke ya koma ruwa, ɗibar takarda ta ƙare.

Ina raka ta ƙofa sai ga Kihachi a jingine da shinge. Abokina ne tun muna tsere a kan ƙanƙarar rafi. Shi ma da mai takarda ne, irin wadda iska ke hudawa, kuma na yi shekaru ina tuna masa da haka kafin ya bar sana'ar ya koma noman laimar kwaɗi.

"Yaya dai, sarkin takarda? Me baƙuwa ta ce?"

"Cewa ta yi ba ta taɓa riƙe takarda mai ƙarfin tawa ba."

"Ita ma ka koya mata waƙar ke nan."

Na yi dariya na shige gida. Ai ban yi masa ƙarya ba, rabin maganar na bari a aljihu.

Washegari na rufe ƙofar ɗakin aiki, abin da ban taɓa yi ba. Na rage zare a baho, na ƙara yauƙi, na tsoma asabari. Gaba, baya. Gaba, baya. Ina faɗa wa kaina da baki, "Tokuji, gaba da baya kawai." Kafin in ankara hannun ya riga ya kaɗa hagu da dama, ya dawo ya tsaya kamar bai yi komai ba. Na zage shi, na sake tsomawa, ya sake yi. Na gwada rufe ido, abin ya fi muni. Na gwada rera waƙa don in shagaltar da shi, ya bi waƙar ya kaɗa. Na sa Fusae ta ɗaure mini gwiwar hannu a jikina da ɗamarar rigarta, sai ƙugu ya karɓi aikin, na koma ina rausaya a gaban baho kamar agwagwa. Fusae ta yi dariya har ta zauna a kan jiƙaƙƙen daɓe.

Da ta samu numfashi ta ce, "Ka je ka roƙi Kihachi mana ya koya maka. Tasa ai atishawa ma tana yaga ta."

"Gara in shanye ruwan bahon nan."

"To fara, yana da yawa."

Duk lokacin da wasu fallaye suka bushe, sai in cusa su a cikin riga in hau tudu ta bayan gidaje, kamar mai kai kayan sata. Malama Nonomura tana aiki a wani ɗaki na gefen ɗakin ibada, littafin a shimfiɗe a gabanta. Tana da 'yan ɓallayen tsohuwar takarda marasa rubutu, masu shekarun littafin, da su take gwaji. Takan yanki siririn layi daga tawa, ta shafa masa gam ɗin garin alkama, ta haɗa ɓallaye biyu da shi, ta jira ya bushe, sannan ta ja. Kullum tsohuwar ce ke yagewa. Tawa tana nan ƙyam, ko kunya babu. Na rage kauri har ina ganin layin tafin hannuna ta cikinta, duk da haka ta ƙi. Karo na farko a rayuwata na ji ina tsoron a yaba wa takardata ƙarfi.

Wata rana ta ce a hankali, "Baba, ɓallayen gwajin sun kusa ƙarewa."

Da na sauko daga tudu na ji ruwa yana ɗiga daga rufin gidaje. Ƙanƙara ta fara sakewa. Na tsaya ina sauraron ɗigar nan, raina a ɓace, ina lissafin yadda zan zauna a taron bana ina shaƙar iskar takardar wani.

Da safiyar ranar allura ina zaune a bakin ƙofa ina sa takalmi, Fusae ta tsaya a kaina.

"Ina zuwa?"

"Duba hawan jini."

"Baban Yuriko, ni ce fa, ba Kihachi ba. Cire takalmin nan."

"Me kuma na yi?"

"Ranar da allurar nan ta sake ka, ko tsinken cin abinci ba ka iya miƙawa gefe. Sai dai ka ce, 'Fusae, turo mini kwanon can.' Amma gaba da baya kana iyawa sarai, don ina ganin yadda kake jawo shinkafa gabanka. To me kake nema kuma?"

Na ɗaga kai na dube ta. "So kike in yi aiki da ciwo?"

"Ni so nake ka bar aikin gaba ɗaya. Kai ne ka nace sai ka shiga littafi."

"Kin san abin da kike cewa kuwa? Takardar mai shanyayyen hannu zan kai wa mutane?"

"Takardar tsoho. Ai tsoho ne kai. Littafin ma tsoho ne, ku je can ku daidaita."

Na so in yi fushi. Na cire takalmin.

Kwana biyu bayan haka kafaɗa ta dawo hayyacinta, wato ta dawo ciwo. Ko riga sai Fusae ta sa mini. Muka shiga ɗakin aiki tare, ta dama mini baho don ba zan iya ba. Na kama katakon asabari na tsoma. Gaba, baya. Hannun ya tashi zai yi halinsa, sai wani abu ya soke ni daga kafaɗa har kunne. Na yi ihu na saki asabarin cikin ruwa. Fusae ba ta ce sannu ba, ta tsamo shi ta miƙo mini. Na sake tsomawa, ya sake gwadawa, ya sake shan wuya. Kafin rana ta take, hannun nan da ya ƙi jin zagi, ya ƙi jin waƙa, ya ƙi jin ɗauri, ya koyi ladabi. Gaba da baya kawai yake yi, a hankali, cikin tsoro, ruwa yana bin asabari yana sauka ta gaba. Gumi yana zubo mini a cikin wannan sanyi. Duk fallen da na ɗebo, Fusae ce ke tallafa mini mu kife shi a kan 'yan'uwansa, don ba na iya ɗaga hannu sama da ƙirji.

Ba mu yi da yawa ba. Muka matse ruwan, muka shafa fallayen a kan alluna, muka jingina su a rana. Siririyar takarda ce, har zanen itacen allon yana fitowa ta cikinta. Da ta bushe na ɓamɓaro falle ɗaya na shiga bayan ɗaki inda ba mai ganina. Na ja ta wannan fuska, ta riƙe. Na juya ta na ja, sai ta rabu biyu a miƙe, da 'yar ƙara mai taushi, ba ta ko yi gardama ba. Abin da nake nema ke nan tun farkon sanyi, ga shi na samu, amma baƙin ciki na ji. Na zauna a kan itacen wuta da rabi a kowane hannu, na daɗe ban tashi ba.

Na kai wa Malama Nonomura. Ta yanka, ta shafa gam, ta haɗa ɓallayenta na ƙarshe, muka zauna muna jiran ya bushe. Ta ninke shi ta buɗe, ta ninke ta buɗe, ya riƙe. Sannan ta fizga. Facin ya rabu a tsakiya, tsohuwar takarda kuwa lafiya lau ta kowane gefe. Ta ajiye, ta ja da baya, ta dafa tabarma da hannu biyu ta sunkuya har goshinta ya kusa taɓa ƙasa.

"Wannan ce, Baba."

Duk ƙattin da suka sha kaye a hannun takardata, babu wanda ya taɓa sunkuya mini haka. Ya kamata in ji daɗi in yi shiru. Maimakon haka sai na leƙa ƙofa, na matso kusa da ita na rage murya.

"Malama, wannan maganar ta tsaya tsakaninmu."

"Wace magana, Baba?"

"Ta yagewar nan. Mutanen garin nan ba za su gane ba. Kin san ƙauye."

Ta gyara tabarau. "Ni ba na yawo da zance. Amma in an tambaye ni, ba zan yi ƙarya ba."

Babu wanda ya tambaye ta. Wa zai tambaya? Gari duk ya ji cewa takardar Tokuji ce za ta shiga bayan littafi, kuma kowa ya san abin da takardar Tokuji take. Da na bar abin haka ma da sauƙi. Amma na koma karɓar allurata, kafaɗa ta yi shiru, baki ya samu sarari. A wurin wankan ruwan zafi, muna jiƙe har wuya mu tsofaffin gari, Kihachi ya ce, "An ce littafi ya samu sabon baya."

Na ce, "Littafin nan yanzu ko bijimi ka ɗaura masa, zai ja shi har gindin tudu."

"Kai dai ba ka gajiya."

"Jikokin jikokinku za su gaji da kwarara shi, bai ko yi tari ba."

Da na dawo gida na ba Fusae labari ina dariya, ba ta taya ni ba. Ta ce, "Baban Yuriko, wannan bakin naka da ana yi masa allura, da ni zan raka ka."

Ranar taro gari ya waye da rana mai kyau, hanyar tudu duk caɓi. Ɗakin ibada ya cika, har da waɗanda suka ƙaura birni, don shekara biyu ba a sha iskar littafi ba. Ni da na saba zama a baya kusa da ƙofa don in sulale in addu'a ta yi tsawo, ranar a sahun gaba na durƙusa, da rigar biki. Fusae tana gefena, Kihachi a bayana, Malama Nonomura can jikin bango.

Malamin ɗakin ibadarmu ya girme ni, hannunsa yana ɗan rawa, ga dogon carbi a wuyan hannunsa. Ya buɗe akwati ya fito da littafin. Ya ɗaga shi sama, ya ɗaga murya da addu'a, ya sake shi. Littafin ya kwararo, ninki na bin ninki da wannan sautin da muka yi kewa, iska ta bugi goshina. Na ji tsofaffin mata a baya suna jan hanci. Ya juya ya kwarara ta hagu, ya juya ya kwarara ta dama. Takardata ce take buɗewa tana rufewa a sama da kawunan mutanen garinmu, ba mai ganinta, tana riƙe da rubutun matan da ba wanda ya san sunansu yanzu.

Daɗi ya kama malamin shi ma. Ya ɗaga hannu sama fiye da yadda ya saba, ya saki littafin da ƙarfi. Wani ninki ya maƙale a carbinsa. Maimakon ya tsaya, sai tsoro ya sa ya fizge hannun.

Muka ji 'yar ƙara mai taushi. Ni na san ta, na taɓa jin ta a bayan ɗakina.

Littafin ya rabu biyu. Rabi yana hannun malamin a sama, rabi ya sulale ya zube a cinyarsa. Addu'a ta tsaya cak. Ɗakin ya yi tsit, sannan na ji tabarmi suna motsi, kawuna suna juyowa ɗaya bayan ɗaya, duk wajena. Na kafa ido a kan gwiwoyina, kunnuwana suna zafi. Kihachi ya sunkuyo ya yi raɗa irin tasa, wadda ake ji har waje.

"Kai, Tokuji, bijimin ya tsere."

Wani ya yi dariya ya haɗiye. Wata tsohuwa ta ce, "Ayya, ashe takardar Tokuji ma tana yagewa."

Malama Nonomura ta taso da sauri, ta durƙusa gaban malamin, ta karɓi rabi biyun daga hannunsa. Ta kai su bakin ƙofa inda haske yake, ta bi gefen kowanne da yatsa tun daga sama har ƙasa. Ta daɗe. Sannan ta juyo, ba malamin ta duba ba, ni ta duba.

"Ko harafi ɗaya bai tafi ba. Facin ne ya rabu. Zan sa wani kafin yamma, gobe a kwarara shi." Ta ɗaga rabin sama kaɗan. "Baba, zo ka gani."

Na tashi da ƙyar, na ratsa mutane ba na kallon kowa. Ta miƙo mini gefen littafin saitin haske. Ga tsohuwar takarda, mai launin ƙasa-ƙasa, ga rubutun wata mata da ya zo dab da bakin ninki, layinsa na ƙarshe lafiya lau, ko gutsure babu. A bakinsa kuma ga ɗan farin gashi-gashi siriri, daga sama har ƙasa, abin da ya rage na takardata ke nan a wannan ninkin. Da wadda na miƙa mata ranar farko ce a wurin, da wannan layin rubutu ya tafi, kuma babu mai sake rubuta shi.

Ban san lokacin da kuka ya zo ba. Ba irin hawayen da dattijo ke sharewa da gefen hannun riga ba, kuka sosai, da sheshsheka da majina, a gaban duk garin. Murna ce ta yi mini yawa, irin wadda ban taɓa ji ba tun da na fara tsoma asabari a ruwa. Kihachi ya ɗauka kunya ce ta karya ni. Ya taso da sauri, duk tsokanar ta bar fuskarsa, ya dafa ni yana bubbuga mini baya.

"Haba, Tokuji, haba. Yi haƙuri, wasa nake yi. Tsufa ne, kowa zai je. Ba wanda zai ƙara tayar da maganar, ni na faɗa maka."

Na kama hannun rigarsa na jawo shi bakin ƙofa, na nuna masa gefen littafin da yatsa.

"Ta yage, Kihachi. Amma ka dubi yadda ta yage. Tsaf a kan ninki. Kaf ƙasar nan, nuna mini wanda zai iya yin wannan."